Rugar da Mannir Ya Ɓoye

Ana gab da kiran magariba dutse na farko ya faɗo a kan kwanon gidan Mannir, a Tudun Wada cikin Gusau. Matarsa Wasila tana kwasar tuwo a gindin murhu. Ta ɗaga kai ta yi tsaki, ta ce 'ya'yan maƙwabta ne da danƙonsu na harbin tsuntsu. Mannir bai daɗe da shigowa ba. Kamar kullum, tun daga zaure ɗiyarsa Hussaina ta tarbe shi, ta karɓe jakar kwamfutar daga kafaɗarsa, ta kawo masa ruwa a moɗa, ta tsuguna tana ba shi labarin makaranta wanda bai tambaya ba. Ita kaɗai gare su. Hassanarta ta koma tun kafin suna, daga nan haihuwar ta tsaya. Duk unguwar an san Mannir ba ya sakin fuska da kowa sai da yarinyar nan.

Wani dutsen ya sake faɗowa, wani ya biyo shi. Kajin da suka riga suka shiga akurki suka yi tsit. Mannir ya fita ya leƙa lungu, babu yaro babu babba, sai masu sauri zuwa masallaci. Da ya dawo ya sunkuya ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun. Ashe ba dutse ba ne, gutsuren siminti ne, gefe guda da jan fenti. Ya juya shi, ya ga rabin lamba, rubutun hannunsa shi da kansa. Ya jefa a aljihu ya ce wa Wasila ta kawo masa buta.

Sana'ar Mannir zana taswira ce a kwamfuta. Yana da ɗan shago a cikin gari, inda masu filaye da masu gonaki ke zuwa ya fitar musu da taswirar da suke so. Zai ɗauko hoton tauraron ɗan'adam ya shimfiɗa a manhajarsa, sannan ya riƙa ɗora abubuwa a kai falle-falle, kamar mai shimfiɗa tabarmi ɗaya bisa ɗaya. Hanyoyi fallensu daban, rafuka nasu daban, itatuwa daban, gidajen mutane daban. Kowane falle da ɗan akwatinsa a gefen allo. Ya danna, abin ya fito. Ya sake dannawa, ya ɓace kamar ba a taɓa halittarsa ba. Gaskiya yaron ya iya aikinsa, wannan ba a hana shi. Abin da ya rasa tsoron Allah ne, kuma shi ba a sayar da shi a kasuwa.

A daminar da ta wuce ne wani Alhaji Hamidu ya kawo masa aiki. Yana son ya yanki wani makeken fili a bayan Kucheri, ƙasar Tsafe, ya yi babbar gona da takarda. Mannir ya je wurin sau ɗaya rak, da safe, a gurguje, saboda halin da hanya take ciki. Ya kewaya da 'yar na'urarsa ta GPS mai nuna inda mutum yake tsaye a doron ƙasa, ya kafa turakun siminti a kusurwoyi, ya shafa musu jan fenti da lambobi, kafin la'asar ya kamo hanyar gida. Amma idonsa ya ga abin da ya gani. Akwai burtali da ya ratsa filin, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya tun kaka da kakanni. Akwai wata tsohuwar tsamiya a bakin burtalin. A gindinta kuma akwai rugar wani dattijo, Buba, da iyalinsa da 'yar gonar geronsu.

Idan taswira ta nuna mutane a fili, ofishin filaye zai turo a yi bincike, magana ta yi tsawo. Alhaji bai ma kai ga buɗe baki ba Mannir ya riga shi. Ya ce kada Alhaji ya damu, aikin dannawa ɗaya ne. Ya kashe fallen burtali, ya kashe na itatuwa, ya kashe na gidaje, fili ya fito fetal. Dama an ce ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Da labari ya kai wa Buba, ya shigo mota har Gusau, ya yi ta tambaya har ya gano shagon. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya jingine sandarsa, ya durƙusa gaban yaron da ya haifi kamarsa. Ya ce a nan aka binne cibiyarsa, a nan aka binne ubansa, shi ba ya jayayya da manya, a bar musu gindin tsamiyar kawai da hanyar ruwa. Shagon cike yake da abokan Mannir masu zaman hira. Sai Mannir ya juyo da allon kwamfutar ya ce dattijon ya matso ya nuna masa rugar tasa. Buba ya ƙura ido, ya duba sama ya duba ƙasa, bai ga komai ba sai fili.

Mannir ya danna akwatin gidaje, 'yan ɗigo suka fito. "Ga ka nan, Baba." Ya sake dannawa. "Babu ka." Ya yi ta yi, ga ka, babu ka, abokansa na ƙyaƙyata dariya har da riƙe ciki. Daga ƙarshe ya bar shi a kashe ya ce, "Abin da ba ya cikin taswira, Baba, babu shi."

Wallahi ko a labari abin nan yana ƙona mini rai. Dattijon bai zage shi ba, bai yi Allah ya isa ba. Ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya sa takalmansa ya tafi. Bayan an cire amfanin gona katafila ta shiga. Ta bi lambobin Mannir daki-daki, ta tumɓuke tsamiyar, ta baje bukkokin, ta toshe burtalin da tarin ƙasa. Su Buba suka koma rakuɓe a bakin titi da shanunsu.

To, gutsuren waɗannan turakun ne ke faɗowa a kan kwanon Mannir.

Jifan bai tsaya a ranar ba. Kullum rana ta yi ja, tsuntsaye suka fara komawa sheƙa, sai a fara. Ba a jin sa da safe, ba a jin sa bayan isha, sai a wannan ɗan tsakanin da iyaye ke kiran yara su shigo gida. Daga baya wari ya ƙaru, warin kashin shanu ɗanye, a gidan da ko akuya ba a kiwo. Wasila ta share tsakar gida tas, ta juya ta dawo ta tarar da busassun 'ya'yan tsamiya zube a bakin randa. Ta yi hayaƙin habbatus sauda, ta kunna karatu a waya, ta roƙi mijinta ya nemi taimako. Ya ce mata shi ɗan boko ne, kwano ne ke saki in ya huce daga zafin rana. Yana faɗa hannunsa na cikin aljihu yana murza gutsuren simintin.

Sai kuma aka fara jin tafiya. Ƙarar kofato ce, mai yawa, a hankali, irin ta garken da ya gaji yana komawa gida. Takan shigo ta zaure, ta ratsa tsakar gida a miƙe, ta je ta tsaya cik a jikin katangar baya. Nan za a ji numfashi da gunji ƙasa-ƙasa, na dabbobin da suka tarar da hanyarsu a toshe. Wasila takan rungume Hussaina a ƙuryar ɗaki tana karanta duk abin da ya zo bakinta. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta.

Ranar wata Laraba Mannir ya shigo, ba wanda ya tarbe shi a zaure. Ya tarar da Hussaina tsaye a tsakar gida, moɗa a hannunta, ruwan na zuba a ƙafarta ba ta sani ba. Ya kira sunanta. Ta saki moɗar, ta sunkuyar da kai, ta fara tafiya a kan layin nan da kofato ke bi. Da ta kai katanga ba ta tsaya ba, ta buga goshinta. Ta koma zaure ta sake tahowa, ta sake bugawa. Kafin ya riƙe ta jini ya wanke mata fuska. Yarinyar da ba ta isa ɗaukar tulu ba, ta wancakalar da ubanta gefe kamar buhun ƙaiƙayi.

Daga ranar Hussaina ta daina magana, ta daina cin abinci sai ruwa. Da hantsi tana kwance lamo, idanu a buɗe. Rana na sunkuyawa sai ta miƙe ta nufi katanga. Aka kai ta asibiti, aka ɗinke goshin, aka yi gwaje-gwaje aka ce ba a ga komai ba. Suka koma ɗaure ta da zani a jikin gado, uwar na ɗaurewa tana kuka. A nan ne bokon Mannir ya ƙare. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ba ya tafi Bungudu da kansa, ya zube gaban Malam Yahaya, wani dattijon malami da aka sani da ruƙiyya, ya ce a taimake shi ɗiyarsa za ta mutu.

Malam Yahaya ya iso bayan la'asar. Bai zo da tarkace ba, daga carbi sai gorar ruwa. Ya tsaya a tsakar gida ya dubi layin da ƙafar yarinyar ta sassaƙa a ƙasa, ya dubi tabon jini a katanga, ya dubi Mannir, ya daɗe yana dubansa. Ya sa aka fito da Hussaina aka zaunar a tabarma, uwarta ta riƙe ta ta baya. Ya yi alwala ya zauna ya fara karatu, murya ƙasa, ba gaggawa. Inuwar katanga ta yi ta tsawo har ta rufe su. Jifa ya fara, ya yi ƙarfi, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. Shirun da ya biyo baya ya fi jifan ban tsoro.

Hussaina ta ɗago kai. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce tukuf, a dishe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, kuma ba ni na fara ba."

Malam ya tambaye shi ko shi wane ne, kuma me ya kawo shi jikin yarinyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Muryar ta ce ba a tambayi sunansa ba ranar da aka tumɓuke shi, don haka yau ma a bar sunan. Ta ce shi mazaunin tsamiyar Kucheri ne tun kafin a san Kucheri. Buba da kakannin Buba maƙwabtansa ne. Ba su taɓa yanka masa komai ba, shi ma bai taɓa nema ba. In za su wuce su yi bisimilla su wuce, shi kuma bai taɓa firgita musu ko ɗan maraƙi ba. Haka aka zauna lafiya har ranar da wani ya zo da ɗan ƙarfe mai haske a hannu.

Mannir ya ce to yaya aka yi ya san gidansa, Gusau da Kucheri ba kusa ba. Yarinyar ta juyo da idanu kansa, ta yi wata dariya da ba tata ba.

"Kai ka zana mini hanya. Ka sa mata suna ma."

Nan Mannir ya tuna. Al'adarsa ce, duk ranar da zai fita aiki yakan kunna na'urar a ƙofar gidansa, ya ajiye wurin da sunan Gida, don in ya dawo ya gwada ya ga ko tana faɗar daidai. Ranar Kucheri bai kashe ta ba. Ta yi ta jan zare tun daga gindin tsamiya har bakin zaurensa.

Malam Yahaya bai sassauta ba. Ya ce an zalunce shi, wannan gaskiya ne, amma zalunci ba ya halatta zalunci, yarinya ba ta tuƙa katafila ba. Ya fita don Allah, ko a ci gaba da karatu har ya ƙone. Muryar ta ce zai fita. Tsamiya ta riga ta zama itacen girki, ba ya neman a mayar da ita, dajin Allah da faɗi. Abu ɗaya yake so. Duk abin da wannan mutum ya ɓoye a takardarsa ya mayar da shi, hanyar shanu da mashaya da mutanen da ke zaune a wurin, ya kai wa hukuma ta gani. Ya ce shi ba ya karatun taswira, rantsuwa zai karɓa.

Malam ya juya ga Mannir ya ce masa wannan ba sharaɗin aljani ba ne, haƙƙin mutane ne da ko ba aljani sai ya mayar. Ya ce, "Ni ban san aikinka ba, ɗana. Wanda za ka rantse da Shi ya sani."

Mannir ya ɗauko kwamfutar ya buɗe a kan gwiwarsa. Hasken allon ya haske masa fuska a cikin duhun magariba. Ɗiyarsa na gabansa, goshi a ɗinke, wuya ya zama kamar sillen kara. Kai ka ce a irin wannan lokaci mutum ba ya lissafi. Ina! Hali zanen dutse. Ya danna burtali, jan layi ya fito. Ya danna mashaya, ya danna itatuwa. Yatsansa ya kai kan akwatin gidaje ya tsaya. Burtali ɗan siriri ne, Alhaji zai haƙura da shi. Amma ruga in ta fito, takardar gaba ɗaya ta mutu, a gane shi ya ɓoye ta tun farko, sunansa ya ɓaci wajen manya, shago ya rufe. Kuma wa zai gane? Malam bai san falle ba. Aljani da bakinsa ya ce ba ya karatu. Ya ɗauke yatsan, ya juya musu allon. Ga ja ga shuɗi ga kore, taswira ta cika ido.

"Duka ke nan?" in ji muryar.

"Duka ke nan. Wallahi."

Yarinyar ba ta ko kalli allon ba, shi take kallo. "To, madalla. Abin da ka bayyana, na bayyana maka. Abin da ka ɓoye, na ɓoye maka kwatankwacinsa. Mun rabu, Malam."

Ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki a hannun uwarta. Aka ji kofato sun juya daga katanga, sun ratsa tsakar gida, sun fita ta zaure, ƙarar na raguwa har ta ɓace. A masallacin unguwa aka tayar da iƙama.

Hussaina ta buɗe ido ta ce, "Inna, yunwa nake ji." Wasila ta fashe da kuka tana hamdala. Yarinyar ta ga baƙon dattijo, ta gyara ɗankwali ta gaishe shi da ladabi. Mannir ya ture kwamfutar ya rarrafo ya kama hannunta, yana kiran sunanta, hawaye na zuba a gemunsa. Ta zare hannun ta sosa wurin, kamar wadda ƙuda ya sauka a kanta. Ta dubi ƙofar zaure ta saman kafaɗarsa.

"Inna, Baba bai dawo ba?"

Wasila ta ce ga shi nan gabanki. Hussaina ta duba inda aka nuna, ta duba hagu ta duba dama, ta yi 'yar dariya ta ce Inna ta cika wasa. Malam Yahaya ya dubi Mannir. Sannan ya tattara carbinsa.

A daren Mannir ya danna akwatin gidaje. Ya danna ya sake dannawa har yatsansa ya yi ciwo. Da safe ya buga sabuwar taswira da ruga a ciki ɓaro-ɓaro, ya ruga ofishin filaye, aka ce masa an daɗe da sa hannu a waccan, magana ta wuce. Ya je wurin Alhaji Hamidu, aka ce ya yi tafiya, daga baya ma maigadi ya daina buɗe masa ƙofa. Ya shiga mota ya tafi Kucheri, hanyar da a da yake tsoro, yana neman Buba ya durƙusa masa. A bakin titi ya tarar da duwatsun murhu da busasshen kashin shanu. Masu shayi suka ce tsohon ya tashi da iyalinsa tun kwanaki, bayan shanunsa sun fara faɗuwa saboda ƙishi. Wani ya ce kudu suka yi, wani ya ce yamma. Mai taswira ya tsaya da na'urarsa a hannu, ba ta da abin da za ta nuna masa.

Ya koma Bungudu. Malam Yahaya ya sake zuwa ya yi karatu a kan yarinyar tun daga la'asar har magariba, tana zaune lafiya lau tana sauraro. Ya ce babu kowa a jikinta da zai fitar. Wancan ya tafi, kuma ya cika alkawarinsa daidai da yadda aka cika masa. Abin da ya rage tsakanin Mannir ne da Ubangijinsa, da kuma Buba in Allah ya sa a gamu.

Hussaina ta warke sarai. Ta yi ƙiba, ta koma makaranta, tabon goshin ma ɗankwali na rufe shi. Tana ganin kowa, tana jin kowa, ban da ubanta. In an zuba abinci takan ɗebi na babanta ta rufe da faifai ta ajiye, in ta ga kwanon ya koma wayam ta ce kyanwa ce. Wasila ta gaji da bayani, don duk ranar da ta matsa, yarinyar kan yi kuka ta ce ana ɓoye mata mutuwar ubanta ne. Yanzu abin da take ce mata shi ne aiki ya riƙe shi.

Har yau, rana na yin ja, Hussaina za ta cika moɗa ta je zaure ta zauna. Mannir zai taho da jakarsa a kafaɗa, ya yi sallama, ya tsaya a gabanta. Wani lokaci yakan tsuguna ya ba ta labarin yininsa, wanda ba ta tambaya ba. Ita kuwa tana leƙen hanya, tana ɗan karkata kai don hango masu tahowa daga bakin titi. In aka kira salla ta miƙe, ta ratsa ta gefensa, ta mayar da ruwan cikin randa.

"Inna, yau ma bai zo ba."